Su wa ke fara gwada manhaja kafin ta iso wayoyin Dogon Dutsi?

Yakan faru a ga mutum biyu a gari ɗaya, kowa da WhatsApp a wayarsa, amma ɗaya na da wani sabon maɓalli da ɗayan bai taɓa gani ba. Wanda bai samu ba sai ya ɗora laifin a kan wayarsa ko a kan rezo, wani ma har ya kai ta wurin mai gyara. Sau da yawa wayar lafiyarta lau. Kamfanin ne ya kasa masu amfani da manhajarsa gida-gida, ya ba wasu sabon abin domin ya ga yadda zai yi a hannunsu, ya bar sauran sai nan gaba.

Wannan mataki shi masu harkar ke kira gwajin beta. Sunan ya fito ne daga haruffa biyu na farko na rubutun Girka, alfa da beta. Gwajin alfa a cikin gida ake yin sa, ma'aikatan kamfanin su ke latsa manhajar su nemo inda take tuntuɓe. Idan ta fara tsayawa da ƙafarta, sai a miƙa ta ga wasu mutanen waje ƙalilan, su yi aiki da ita a rayuwarsu ta yau da kullum, da wayoyinsu da rezonsu da kurakuransu. Abin da suka ci karo da shi, shi ake gyarawa kafin a saki manhajar ga kowa.

Zaɓen waɗannan mutane ƙalilan ba ƙaramin abu ba ne. Matsalar da mai gwaji ya gani ita ake gyarawa, wadda kuwa babu mai gwajin da ya gamu da ita, tana nan kwance har ranar da za ta faɗa kan wani. A garuruwa irin su Dogon Dutsi, Matankari, Tibiri ko Gecheme, inda aika kuɗi da karɓarsu, da jin farashin kaya, da gaisawa da ƴan uwa da ke ci-rani duk suka koma cikin salula, wannan wanin yakan zama ɗan kasuwa ko tsohuwar da ke jiran saƙon ɗanta.

Ƙofofin da ake shiga

Galibin manhajojin waya ta hannun Google ko Apple suke bi, kuma kowannensu ya shimfiɗa wa masu ƙirƙira ƙa'idojin gwaji. A shagon Play Store na Google, wanda wayoyin Android irin su Tecno, Itel da Infinix ke amfani da shi, hanya uku ce. Akwai gwajin cikin gida da bai wuce mutum 100 ba. Akwai rufaffen gwaji, wanda sai wanda aka rubuta adireshin imel ɗinsa zai shiga. Sannan akwai buɗaɗɗe, wanda kowa na iya sa kansa, amma mai manhajar na da ikon ƙayyade yawan mutane da ƙasashen da aka yarda su shiga. Shi ya sa wanda ya nemi shiga gwajin WhatsApp yakan tarar da sanarwar cewa wuri ya cika.

Apple kuma na da manhajar TestFlight. Ta nan mai ƙirƙira ke iya gayyatar abokan aikinsa har 100, da mutanen waje har 10,000, kuma kowane samfurin gwaji na daina aiki bayan kwana 90. Yana iya sa sharaɗin cewa sai mai irin waya kaza zai shiga. Microsoft na da nasa shirin, Windows Insider, tun Oktoban 2014, kuma ya kasa shi zango-zango: masu zangon farko na karɓar ɗanyen aiki da ke iya tsayar da kwamfuta, masu zangon ƙarshe na karɓar abin da ya kusa nuna.

Akwai kuma gwajin da mutum ke shiga bai sani ba. Kamfani na iya sakin sabon samfuri ga mutum ɗaya cikin ɗari, ya jira kwana biyu ya ga ko wayoyi na ƙamewa, sannan ya ƙara zuwa biyar, zuwa ashirin, har ya kai ga kowa. A nan kwamfuta ce ke zaɓe, kamar ƙuri'a. Amfanin wannan taka-tsantsan ya fito fili ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tura wani gyara ga dukkan abokan cinikinsa a lokaci guda. Kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 suka tsaya, aka soke tashin jirage, aiki ya cije a bankuna da asibitoci a ƙasashe da dama. Daga baya kamfanin ya ce zai riƙa sakin irin wannan gyara kaɗan-kaɗan.

Abin da ake dubawa a jikin mai neman shiga

Inda kamfani ke zaɓe da hannunsa, abu na farko da yake tambaya shi ne irin na'urar da mutum ke riƙe da ita. Wayoyin Android iri-iri ne ba iyaka, kuma manhajar da ke gudu a kan mai tsada na iya rarrafe a kan mai araha. Don haka takardar neman shiga takan tambayi sunan waya, girman ma'adanarta, da samfurin Android da ke kanta. Mai tsara gwajin yana cike gurabe ne kamar mai haɗa kayan miya: yana son kaɗan daga kowane iri, kuma idan gurbin wata waya ya cika, duk ƙwazon mai neman ba zai shigar da shi ba.

Bayan na'ura sai yawan amfani. Kamfani na da lissafin wanda ke buɗe manhajarsa sau talatin a rana da wanda sai Juma'a zuwa Juma'a. Na farkon zai fi saurin cin karo da matsala, saboda haka shi ake fara gayyata. Lokacin da kamfanin Niantic ya yi gwajin wasan Pokémon Go a 2016, ya fara da Japan, kuma ya bayyana cewa yana duba irin wayar mutum da gogewarsa a irin waɗannan wasanni, sannan akwai rabo a ciki.

Sai iya ba da rahoto, kuma nan ne aka fi tankaɗe mutane. Wanda ya rubuta “ba ta aiki” bai taimaki kowa ba. Mai gyara na son a gaya masa abin da aka danna, da abin da aka yi tsammanin gani, da abin da ya fito, da ko ya sake faruwa da aka maimaita, haɗe da hoton fuskar wayar. Kamfanoni kan sa tambaya ɗaya ko biyu a takardar shiga domin kawai su ga yadda mutum ke bayani. Wanda ya yi gwaji a baya ya turo rahotanni masu ma'ana, sunansa na nan a ajiye, shi za a sake kira. Tun da kuwa rahoton da Ingilishi ake karɓarsa, wani lokaci da Faransanci, wanda ya iya lissafin kasuwa kamar ruwa amma bai yi boko ba ya fita daga layi tun kafin a fara.

Sirri ma na ciki. A rufaffen gwaji akan sa mutum hannu a yarjejeniyar cewa ba zai nuna wa kowa abin da ya gani ba, kuma akan kauce wa ƴan jarida da ma'aikatan kamfanonin hamayya. Masu sayar da manhaja ga bankuna ko ma'aikatu kuma sukan zaɓi abokin ciniki da suka daɗe tare, wanda ba zai fusata ya tafi ba idan abu ya lalace, wanda kuma za a iya kafa hujja da sunansa wajen tallar gaba. A nan gwaji da talla sun cuɗanya. Gmail ya nuna haka tun 1 ga Afrilun 2004, ranar da Google ya buɗe shi da sunan beta, ba a shiga sai da gayyata. Ƙarancin gayyatar ya sa mutane suka riƙa sayenta da kuɗi a intanet, kuma sunan beta bai sauka daga kansa ba sai a Yulin 2009.

Ƙasa ma ana zaɓenta kamar yadda ake zaɓen mutum. Masu wasannin waya kan fara da Kanada ko New Zealand, domin mutanen can na jin Ingilishi kuma suna kashe kuɗi irin na Amurkawa, amma idan abin ya faɗi labarin ba zai yi nisa ba. WhatsApp ya fara tashoshinsa na Channels a Kolombiya da Singapo a Yunin 2023, sai a Satumba ya kai su ƙasashe sama da 150. A farkon 2015 kuma, da Facebook ya so gwada ƙaramar manhajarsa ta Facebook Lite, wadda aka yi domin wayoyi masu araha da rezo mai rauni, ya zaɓi wasu ƙasashen Asiya da Afirka, ciki har da Najeriya da Sudan da Zimbabuwe. A ƙarshen wannan shekarar kamfanin ya ɓullo da wata al'ada ta ranar Talata, inda ake rage wa ma'aikatansa ƙarfin intanet na awa guda zuwa na 2G domin su ɗanɗana abin da wasu ke sha. Dabara ce mai kyau, sai dai awa guda a ofis mai sanyi a Kalifoniya ba ta kama ƙafar yini guda a ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sanda ɗaya ta rezo.

Wanda ba ya cikin lissafi

Idan aka haɗa waɗannan sharuɗɗa, kamannin mai gwaji na fitowa: saurayi ne ɗan birni, mai waya tasa shi kaɗai, mai imel, mai intanet da ba ya yankewa, mai son sabon abu, wanda ya iya rubutu da harshen Turawa. Ba mugunta ta sa aka zaɓe shi ba, shi ne mai sauƙin samu, kuma rahotonsa ne mai sauƙin karantawa. Amma hanyar da yake bi da waya daban take da ta yawancin mutanen Arewa.

A ɗauki maganar kuɗi. A kasuwannin Nijar da dala ake ƙirga, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Idan mai awo ta ce “ashirin” tana nufin sefa 100, idan ta ce “ɗari” tana nufin 500. Manhajar aika kuɗi da za ta karanta wa mutum adadi da murya cikin Hausa, idan ta ga 100 ta ce “ɗari”, ta faɗi gaskiya a lissafin boko, ta kuma yi ƙarya a kunnen mai sauraro. Mai gwaji a Kano ba zai ga aibun wannan ba, domin naira ba haka ake ƙirga ta ba. Mai gwaji a Yamai da ke karanta lambobi da Faransanci ma zai wuce bai lura ba. Sai an ba wata mai sayar da ƙuli-ƙuli a Kore Mairuwa wayar kafin a gane.

Haka takardun rajista. Manhaja takan nace sai an sa rana da wata da shekarar haihuwa, alhali dattawa da yawa takardarsu cewa ta yi an haife su wajajen shekara kaza. Takan nemi lambar gida da sunan titi. Takan ɗauka cewa waya ɗaya ta mutum ɗaya ce, ga shi kuwa a gidaje da yawa waya guda ce ke yawo tsakanin miji da mata da ƴaƴa, ko kuma mutum na da layi amma ba shi da waya, sai ya ara ya sa. Takan turo lambar sirri ta saƙo ta ce a shigar cikin minti ɗaya ko biyu, saƙon kuma ya iso bayan minti biyar. A ƙauyukan bakin iyaka da Najeriya waya na iya tsallakawa rezon maƙwabta ba tare da mai ita ya motsa ba, manhajar banki kuma ta ɗauka an fita da layin waje, ta kulle. Akwai ma ƙananan abubuwa irin na haruffa masu lanƙwasa: wanda aka ajiye sunansa da Ɗ ba lalle a same shi ba idan aka nema da D.

Wani abin da ya fi waɗannan duka ɓoye mutanen karkara daga idon kamfani shi ne yadda manhaja ke shiga wayarsu. Da yawa ba daga Play Store suke saukewa ba, saboda tsadar mega. A wurin mai cajin waya ake tura musu, ko aboki ya tura ta Xender ko Bluetooth. Irin wannan samfuri yakan tsufa a waya ba a sabunta shi ba, kuma mai shi ba zai taɓa ganin gayyatar gwaji ba.

Ko da rahoto ya iso, yawa na iya danne shi. A Oktoban 2018 Microsoft ya saki wani sabon samfurin Windows 10 da ya riƙa goge wa wasu mutane fayilolinsu, har aka janye shi cikin ƴan kwanaki. Daga baya ta bayyana cewa wasu masu gwaji sun kai ƙarar wannan matsala tun da wuri, amma da yake kaɗan ne suka gamu da ita, ƙorafinsu bai samu masu mara masa baya ba, ya nutse a ƙarƙashin dubban wasu. Kamfanin ya ƙara wani gurbi da mai rahoto zai nuna girman ɓarnar. Idan haka ta faru da mutanen da ke cikin gwajin, ana iya kwatanta makomar waɗanda ba a gayyata ba.

Gwajin da aka yi da ƙuri'a a jihar Dosso

Yankin Arewa ya taɓa ganin wata hanyar zaɓe dabam, duk da cewa ba kamfanin manhaja ne ya kawo ta ba. A 2009 ƙungiyar agaji ta Catholic Relief Services ta buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci na manya a jihohin Dosso da Damagaram, ciki har da ƙauyukan gundumar Dogon Dutsi, wadda a lokacin Tibiri ke cikinta kafin a ba ta tata gundumar a 2011. Masu bincike ƙarƙashin Jenny Aker ta jami'ar Tufts a Amurka suka so sanin ko koya wa ɗalibai amfani da salula zai ƙara musu karatu da lissafi. Aka kira shirin ABC.

Ƙauyuka 113 aka yi binciken a cikinsu. Ba a bar wani jami'i ya nuna ƙauyen da ya fi so ba, ƙuri'a aka jefa: 58 suka samu darasin salula a kan karatun da aka saba, 55 suka yi karatun kawai. A kowane ƙauye gurbi 50 ne, mata 25 maza 25, a azuzuwa daban. Sharaɗin shiga shi ne mutum ya kasance bai iya karatu da rubutu ba, yana cikin wata ƙungiyar manoma ta ƙauyen, kuma yana so. Inda masu so suka fi gurabe yawa, a bainar jama'a aka yi ƙuri'a. Wayar ma ƙarama ce mai maɓallai, mutum biyar ke tarayya a kan guda, kuma da harshen gida aka yi karatun, Hausa ko Zabarmanci.

Wato sharaɗin ya zama kishiyar na kamfanoni. Su suna neman wanda ya fi kowa iyawa, nan kuwa an nemi wanda bai iya ba, domin shi aka yi abin dominsa. Sakamakon da aka wallafa a 2012 ya nuna ɗaliban ƙauyukan salula sun fi sauran maki a rubutu da lissafi, kuma tazarar ba ta ɓace ba watanni bayan an rufe aji. Ƙuri'ar ce ta ba wannan sakamako nauyi. Da an zaɓi ƙauyukan da ke bakin kwalta ko masu malamai ƙwararru, da ba wanda zai iya rantsuwa cewa salular ce ta kawo bambancin. Duk da haka, shi ma wannan gwaji ya bar wasu a waje: ƙauyukan da babu rezo a lokacin ba su shiga ba.

Shekara guda bayan haka, lokacin ƙarancin abinci na 2010, an yi makamancinsa a jihar Tawa mai maƙwabtaka. Ƙungiyar Concern Worldwide ta raba wa magidanta a ƙauyuka 96 tallafin kimanin jaka 22 na kuɗin sefa kowane wata har wata biyar. Wasu ƙauyukan a hannu aka ba su, wasu ta Zap, tsarin aika kuɗi na kamfanin Zain da ya koma Airtel, wasu kuma aka ba su a hannu haɗe da kyautar waya, domin a bambance amfanin wayar kanta da amfanin aika kuɗin ta cikinta. Yawancin masu karɓa mata ne da ba su yi boko ba. Binciken ya gano cewa gidajen da suka karɓa ta Zap sun fi cin abinci iri-iri, kuma matan sun huta da doguwar tafiya da jiran layi.

Misalin da masu wannan harka suka fi ambata daga Kenya yake. A Oktoban 2005 Safaricom da Vodafone suka fara gwajin M-Pesa da mutum kimanin 500, abokan cinikin wata cibiyar ba da ƙananan rance mai suna Faulu. Niyyar ita ce su riƙa biyan bashi ta waya. Sai aka ga suna yin abin da ba a tsara ba: suna biya wa juna, suna tura wa ƴan uwa, ƴan kasuwa na zuba kuɗi a ciki kafin tafiya su cire idan sun isa. Da aka buɗe M-Pesa ga kowa a Maris na 2007, a kan aika kuɗi gida aka gina tallarsa. Da injiniyoyi da abokansu aka ba gwajin, da wuya su gano wannan, domin su suna da asusun banki.

Babban bankin BCEAO ma ya bi matakai wajen kafa tsarinsa na biyan kuɗi nan take tsakanin bankuna da kamfanonin kuɗin waya a ƙasashen UEMOA, ciki har da Nijar. Ya fara gwaji da zaɓaɓɓun cibiyoyin kuɗi a Yulin 2024, ya ƙaddamar da shi a hukumance ranar 30 ga Satumban 2025. A irin wannan tsari babban banki cibiyoyi yake zaɓa, su kuma cibiyoyin su zaɓi abokan cinikin da za su fara taɓawa, kuma abu mafi sauƙi ga kowace cibiya shi ne ta fara da ma'aikatanta da na kusa da hedikwata.

Mai son shiga, da mai neman masu shiga

Ga wanda ke son sa kansa, hanyar ba ta da wuya. A shafin manhaja a Play Store, idan akwai buɗaɗɗen gwaji, ana ganin wurin shiga a ƙasa. Amma ya kamata ya san abin da ya saya. Samfurin gwaji na sabuntawa a kai a kai, wani lokaci sau da yawa a mako, kuma kowane sabuntawa mega yake ci. Yana iya shanye batir, yana iya rufewa ana tsakiyar aiki. Wayar da mutum ke karɓar kuɗin ciniki da ita ba wurin gwaji ba ce. Galibi kuma ba a biyan ko dala, ladan shi ne riga kowa gani. Sannan samfurin gwaji yakan kwashi bayanai game da wayar da yadda ake amfani da ita fiye da na kowa da kowa. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai, amma kai ƙarar kamfanin da ke wata nahiya aiki ne ja.

Mazambata ma sun gano daɗin kalmar. A Agustan 2023 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi kan manhajojin bogi da ake rabawa da sunan gwajin beta, musamman na zuba jari a kuɗin kirifto, domin samfurin gwaji ba ya shan binciken da cikakkiyar manhaja ke sha. A nan gida abin yakan zo ne ta saƙon WhatsApp: an zaɓe ka cikin masu gwada sabon tsari, danna nan, ko turo lambar da ta shigo wayarka. Kamfanin gaske ba ya neman kuɗin shiga gwaji, ba ya neman lambar sirrin asusu, kuma ba ya aiko da manhaja a matsayin fayil ta cikin hira. Su GB WhatsApp da ire-irensa da ke yawo a wuraren caji ba samfurin gwaji ba ne, wasu ne suka kwaikwaya suka canza, kuma WhatsApp na iya rufe layin mai amfani da su.

Ɗaya ɓangaren kuma shi ne matasan da ke rubuta manhaja da kansu, a Yamai ko Dosso ko Dogon Dutsi, wata don lissafin adashi, wata don farashin wake da gyaɗa, wata don manoman dankalin turawa na lambunan gari. Su ma yanzu dole su zaɓi masu gwaji. Tun Nuwamban 2023 Google ya wajabta wa duk wanda ya buɗe sabon asusun ƙashin kansa ya yi rufaffen gwaji na kwana 14 a jere kafin a bar shi ya fitar da manhaja. Da farko mutum 20 ake nema, a ƙarshen 2024 aka rage zuwa 12. Yawanci abokan makaranta ake tarawa, ko a shiga rukunin da masu manhaja ke yi wa juna gwaji don cika sharaɗi, kowa ya sauke ta ɗan uwansa ya bar ta a waya ba ya buɗewa. Sharaɗin Google na cika, manhajar kuwa ba a gwada ta ba.

Mutum 12 ba su da yawa, amma sun isa a sa mai tsohuwar Itel da ma'adanarta ta cika, da matar da ke riƙe kuɗin adashin unguwa, da dattijon da sai an karanta masa, da wani daga Dogon Kiriya ko Sukukutan inda rezo ke zuwa yana tafiya. Irin waɗannan ba za su rubuto rahoto ba, kuma wasunsu sai an buɗe musu imel kafin Play Store ya karɓe su. Mai manhajar ne zai je ya zauna kusa da su, ya miƙa wayar, ya ce a aika wa wane jaka biyu, sannan ya kame bakinsa ya ga inda yatsa zai tsaya. Wanda ya yi nisa kuma a bar shi ya turo saƙon murya da Hausa.